Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Kwanan Garwa Kafin Shiga Jirgin Ruwa

Ga damina ta kankama, kogin Binuwai ya fara cika yana batsewa, 'yan makaranta kuma suna hutu. Wannan shi ne lokacin da iyalai da yawa daga Marwa da Gider da Ngaundere, har ma da 'yan'uwanmu mazauna Yawunde da Duwala, sukan yi niyyar zuwa Garwa don su shiga jirgin ruwa, waɗansu su gangara Yola ziyarar dangi, waɗansu su haura Lagdo su sha iskar tafki. To, akwai wata 'yar magana da ya kamata a yi tun kafin a ɗaure kaya, watau maganar ranar da ya dace matafiyi ya iso garin da zai shiga jirgi. Da yawa daga cikinmu mukan lissafa tafiya kamar a ce hanya tamu ce, mota tamu ce, hadari ma sai da izininmu zai taso. Mutum ya ce zai yi asubanci daga gida, ya iso bakin kogi da hantsi, ya faɗa jirgi. Hausawa kuwa sun riga sun yanke hukunci a kan irin wannan lissafi, da suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari mu fara da abin da ake yi a ƙasashen Turawa, don a ga cewa maganar ba ta ƙauyanci ba ce. Can akwai wani irin hutu da mutum kan biya kuɗi ya shiga wani makeken jirgin ruwa mai kama da unguwa guda, da ɗakunan kwana da wuraren cin abinci da kantuna, jirgin ya yi ta yawo da shi daga wannan gari zuwa wancan har mako guda ko biyu. Wani jirgi da ake kira Icon of the Seas, wanda ya fara aiki daga tashar Mayami ta Amurka a watan Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, ban da ma'aikata. Irin wannan jirgi in lokacin tashinsa ya yi, tashi yake yi. Akan rufe ƙofar shiga tun da sauran sa'a guda ko fiye, wanda ya makara kuwa sai ya nemi kuɗin jirgin sama daga aljihunsa ya bi jirgin zuwa tasha ta gaba, ko kuma ya haƙura da kuɗin da ya biya. Saboda haka masu shirya wa mutane tafiya a can, shawararsu ta farko ita ce mutum ya isa garin tashar tun ana gobe za a tashi, ya kwana. A nan Afirka ma haka ake yi wa masu shiga jiragen yawon kogin Nilu tsakanin Luksor da Aswan a Masar, da masu shiga tsohon jirgin nan Bou el Mogdad da ke kai baƙi daga Sanluwi zuwa Podor a kogin Senegal. Alhali kuwa waɗannan mutane suna da hanyoyi masu kyau da jiragen ƙasa masu zuwa kan lokaci. Ina ga mu?

Garwa dai ba baƙuwar jirgin ruwa ba ce, ko da yake yaran yanzu in ka ce musu garinsu ya taɓa zama tashar jiragen ruwa ta uku a Kamaru sai su yi zaton zolaya ce. Daga Garwa zuwa teku ta ruwa ya kai kilomita 1,500: a bi Binuwai a wuce Yola da Numan da Ibi da Makurɗi, a haɗu da Kwara a Lakwaja, sannan a gangara zuwa Burutu ko Warri. Abin da ya sa wannan doguwar hanya ta yiwu shi ne, duk da nisan, Garwa ba ta kai tudun mita 250 bisa teku ba, don haka kogin a kwance yake tafiya, babu gangare mai tsanani, babu duwatsun da za su tare jirgi. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya iso mahaɗar Binuwai da Faro ran 18 ga Yuni 1851 a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola, shi ne kuma ya ba Turawa labarin cewa ga wata ƙofa ta ruwa zuwa tsakiyar Afirka, ya ce ma'anar sunan a bakin Batawa ita ce uwar ruwa. Shekara uku bayan haka, a 1854, Ingilishi suka aiko da jirgi mai suna Pleiad a ƙarƙashin likita William Baikie. Ya hauro Binuwai har ƙasar Muri, amma bai ga Yola ba, domin itacen da ake hura injin da shi ya yi wuyar samu, ruwa kuma ya fara janyewa, dole ya juya. Tun a lokacin ke nan kogin ya nuna halinsa.

Halin nan kuwa shi ne ya yi mulkin Garwa shekara da shekaru. Manyan jirage ba sa iya isowa sai ruwa ya cika, daga wajen tsakiyar Yuli zuwa Oktoba, wata uku ko ƙasa da haka. A cikin wannan ɗan lokaci ne za a sauke gishiri da siminti da kananzir da man fetur da atamfa na shekara guda cif, a loda gyaɗa da auduga da fatu da kiraga. Jamusawa sun kama Garwa a 1901, suka miƙa wuya ga sojojin Ingila da Faransa a watan Yunin 1915, daga nan gari ya koma hannun Faransa, amma kogin bai san da wannan ba: ƙasar Faransa ce ke cin abinci ta hanyar da ta ratsa ƙasar Ingilishi, jiragen kuma na kamfanonin Ingilishi ne irin su kamfanin Neja, wanda ya zama UAC a 1929, da John Holt. Yarjejeniyar Balin ta 1885 ce ta ce Kwara da rassanta a buɗe suke ga jiragen kowa.

To, a wancan zamani babu mai hankalin da zai ce zai iso Garwa ranar da jirgi zai tashi. Kayan da za a fitar tun da rani ake tara su a sito, daga Marwa da Kaele har daga kudancin Cadi, domin in damina ta sauka motocin ba sa iya fitowa daga taɓo. Fatake kuwa, Hausawa da Barebari da Nufawa, sukan iso da kwanaki, su sauka wajen fatomansu. Sunayen unguwannin gari ma sun isa shaida: Hausare, Kolere, Fulɓere, Marware, Yelwa. Kowane baƙo da inda zai dosa, da wanda zai karɓe shi, ya ajiye masa kaya, ya nema masa dillali, ya gaya masa ranar da ake sa ran jirgi. Wanda ya rasa jirgin ƙarshe na Oktoba, shi da jirgi sai baɗi, in da rai.

Abubuwa uku ne suka kashe wannan harka, ɗaya bayan ɗaya. Yaƙin basasar Nijeriya daga 1967 zuwa 1970 ya rufe bakin Kwara. Sannan layin dogo ya iso Ngaundere a 1974, aka kuma shimfiɗa kwalta zuwa arewa, auduga ta koma bin jirgin ƙasa zuwa Duwala duk tsawon shekara ba sai an jira ruwa ba. Na uku shi ne dam ɗin Lagdo, wanda 'yan Sin suka gina daga 1977 zuwa 1982, ya riƙe ruwan da ke zuwa daga sama, yashi kuma ya yi ta taruwa a gindin kwata ba mai yashe shi. Abin da ya rage yau shi ne dogayen jiragen katako masu inji a baya, da ƙananan kwale-kwale, masu kai kaya da mutane tsakanin Garwa da Barndake da tsallaken iyaka zuwa Yola in ruwa ya yarda. Su ne jiragen hutunmu, mu talakawa.

Ga inda gizo ke saƙar. Lokacin da kogi ya buɗe, shi ne daidai lokacin da hanya ke rufewa. Agusta da Satumba su ne watannin da jirgi ke tafiya ba ya taɓa yashi, suna kuma cikin watannin da ruwan sama ya fi yawa a duk arewa. Waɗannan rafuka da Fulani ke kira mayo, waɗanda da rani yara ke ƙwallo a cikinsu, in aka yi ruwa a kan duwatsu da dare sai su cika cikin sa'a guda ko da ba a yi ko yayyafi a inda kake ba. Mota ta iso ta tarar da ruwa ya shafe hanya, ba abin yi sai a kashe inji a jira, wani lokaci sa'a biyu, wani lokaci kwana. A ƙarshen Agustan 2020 gadar Palar da ke Marwa ta rufta saboda ruwa, ta yanke hanyar da ta nufi Mora da Kuseri. A kudu ma, ran 21 ga Oktoba 2016 ruwa ya cinye wani yanki na hanyar Yawunde zuwa Duwala, jama'a suka yi cincirindo zuwa jirgin ƙasa, aka ƙara masa taragai, ya kauce daga layi a Eseka, mutum 79 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu. Da yawansu mutane ne masu sauri, waɗanda lalle sai sun isa a ranar.

Mai tasowa daga Yawunde sai ya yi wa kansa lissafi na gaskiya. Jirgin ƙasa yakan tashi da yamma ya kwana a hanya, kilomita fiye da 600, ya isa Ngaundere da safe in komai ya tafi daidai. Daga nan akwai kilomita kusan 280 a mota, ciki har da gangaren dutsen nan na kafin Mbe, inda hanya ke saukowa daga tudun Adamawa tana murɗewa kamar maciji, inda kuma in tirela guda ta faɗi ta gitta, kowa ya tsaya. Mai tasowa daga Marwa yana da kilomita kamar 210. A takarda tafiyar rabin yini ce. Amma motar haya ba ta tashi sai ta cika, ga shingayen jandarma da 'yan sanda, ga sallah, ga faci. Kuma ba wanda zai ba ka shawarar ka rama lokacin da ka ɓata da tafiyar dare. Mutanen arewa ba su manta da shekarun 1990 ba, lokacin da 'yan fashi masu tare hanya suka addabi jama'a, yanzu ma satar mutane don neman fansa a wajajen Mayo Rai da Tuboro ba ɓoyayyen abu ba ne.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka amfanin kwanan Garwa ya tsaya ga gudun makara. A ganina ma wannan shi ne ƙaramin amfaninsa, domin jiragenmu, kowa ya sani, sun fi jiran kaya a kan jiran agogo. Babban amfanin shi ne wanda ya iso tun jajibiri yana da ikon ya ce a'a.

Ga yadda abin yake. Ka sauka da azahar, ka ajiye iyali a masauki, da la'asar sakaliya ka gangara bakin kogi kai kaɗai. Ka nemi shugaban masu jirgi, ka yi masa sallama yadda ta kamata, “Ranka ya daɗe, baƙo ne, da iyali, muna son Yola gobe in Allah ya kai mu.” In Bafulatani ne ka ƙara da “jam na”, ba za ka yi asara ba. Daga nan sai ka buɗe ido. Ka ga jirgin da za ka shiga tun ba a lulluɓe cikinsa da buhuna ba, ka duba ko ruwa na tsattsafowa ta tsakanin katako, ka ga yaron da ke kwarfe ruwan ko hutawa yake yi ko kuwa hannunsa bai tsaya ba. Ka tambayi inji nawa ne, domin jirgin da ke da inji guda in ya mutu a tsakiyar ruwa sai abin da igiyar ruwa ta yi da ku. Ka tambayi irin kayan da za a loda. Wannan tambaya tana da nauyi a hanyar nan, saboda kowa ya san cinikin man fetur na jarka, wanda ake kira zuwa-zuwa, da kogin yake bi, kuma ba wurin zaman mace da goyo ba ne kusa da jarkokin mai alhali wani na kunna taba a gefe. Ka tambayi rigar ruwa, irin wadda ke hana mutum nutsewa. In babu, kana da sauran yini ka nema a gari, ko don yara. In abin da ka gani bai kwanta maka ba, sai ka yi godiya ka nemi wani jirgin, ko ka fasa ka bi mota ta Gashiga. Wanda kuwa ya iso a guje da safe, ya tarar an ɗaga inji, ga mata ga yara ga kaya a ka, duk jirgin da aka nuna masa shi zai shiga, ko da bakinsa saura taki guda ya sha ruwa.

Ba tsoratarwa ba ce. A watan Mayun 2021 jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya kife a Kwara kusa da Warra ta jihar Kebbi. A watan Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka halaka a wajen Patigi ta jihar Kwara, suna dawowa daga ɗaurin aure cikin dare. In aka bi diddigin irin waɗannan haɗurra, dalilan ba sa wuce lodi fiye da kima, da tsohon jirgi, da tafiyar dare, da rashin rigar ruwa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Nijeriya ta hana jirage tafiya da dare, saboda haka jirgin da ya bar Garwa a makare, ko dai ya kwana a hanya ko ya karya doka da ku a ciki. Ga kuma dorina, waɗanda a Garwa ba sai an je gandun daji ake ganinsu ba, da yamma da dare ne suka fi motsi.

Akwai wata tambaya kuma da babu ita a zamanin kakanninmu, watau ko an buɗe Lagdo. In tafkin ya cika, dole masu kula da dam su saki ruwa don kada bango ya ɓalle, ruwan kuma ta gaban Garwa yake wucewa ya shiga Nijeriya. A 2012 ambaliyar da ta biyo baya, haɗe da ruwan sama mai yawa, ta kashe mutum 363 a Nijeriya ta kori fiye da miliyan 2 daga gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. An daɗe ana maganar Nijeriya za ta gina nata dam ɗin a Dasin Hausa cikin ƙaramar hukumar Fufore don ya tare wannan ruwa, har yau maganar ba ta zama siminti ba. Abin da ya shafi matafiyi shi ne, in an saki ruwa kogin yakan ƙara gudu, ya kwaso itatuwa da ciyawa, ya shafe tsibiran da matuƙa ke gane hanya da su. Labarin sakin ruwa kuwa a bakin kogi ake fara jinsa, wajen masunta da masu fito, tun kafin a faɗa a rediyo.

Maganar takardu ba ta da tsawo amma tana iya mayar da mutum gida. Kamaru ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, don haka mai ƙetare iyaka ya tanadi fasfo ko takardar izinin wucewa, da katin shaida, da katin allurar shawara, na kowa da kowa har yara. Ofis da rana yake aiki, jirgi kuwa da sassafe yake tashi. Wanda ya gano da daddare cewa takardarsa ta mutu, ya san sauran. Ya kamata kuma a tambaya ko iyakar a buɗe take, domin an ga yadda Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020. Canjin kuɗi ma a yi shi a kasuwa da rana, a zaune, ana ƙirgawa a natse, a riƙe sefa da naira duka biyu, da canji ƙanana. A cika wayar salula da caji, a gaya wa wanda zai tarbe ku sunan mai jirgin.

Wani zai ce ai kwanan nan ƙarin kashe kuɗi ne. Gaskiya ne, ga ɗaki ga abinci. Amma Bahaushe a Garwa da wuya ya rasa inda zai shimfiɗa tabarma, in dai ya aika tun da wuri, ya kuma riƙo 'yar tsaraba, ko albasar Marwa ko zumar Ngaundere. Wanda ba shi da kowa, akwai masaukai masu sauƙin kuɗi a cikin gari. Kuma ai hutu aka fito, yinin ba asara ba ne. Yara su ga babban masallacin gari da fadar Lamiɗo, su ga filin wasa na Rumde Ajiya inda aka buga wasannin cin kofin Afirka a watan Janairun 2022, su hangi dutsen Tingilin, a gaya musu a garin nan aka haifi Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na farko, a 1924. In ranar ta faɗo Lahadi, kasuwar Pituwa tana nan kilomita 15 kacal. Da magariba a ci gasasshen giwan ruwa ko karfasa, a sayi kilishi da burodi da ruwan sha na guzuri, a kwanta da wuri cikin gidan sauro, don sauron bakin Binuwai da damina ba ya wasa.

Masu nufin Lagdo su ma dokar ba ta bar su ba, sai dai su a Lagdon ya kamata su kwana. Daga Garwa akan bi hanyar Ngaundere, a ratse wajen Ngong, tafiyar sa'a guda da 'yan kai. Tafkin ya doshi murabba'in kilomita 600, injinansa 4 masu ƙarfin megawat 72 su ne suka daɗe suna ba arewa lantarki, masunta kuma daga Nijeriya da Cadi da Mali da kan iyakar arewa sun kafa sansani a gaɓarsa da tsibiransa, har da wani tsibiri da suka raɗa wa suna Madagaska. Mai son zagaya tafkin ya shirya da mai jirgi tun da yamma, a yi ciniki a gama, a fita bayan sallar asuba lokacin da ruwa ke kwance kamar faranti. Da damina hadari ya fi tasowa daga azahar zuwa yamma, iska kuma a faffaɗan ruwa irin wannan tana tayar da igiyar da kwale-kwale ba ya iya ɗauka, saboda haka masuntan wurin sukan so a ce kafin rana ta take tsaka an riga an juyo da baƙi zuwa gaɓa.